Shuka fure a tukunya a Idumota da Agege

A ƙasashen sanyi irin su Holan da Ingila, sai ƙanƙara ta narke, wajen Afrilu zuwa Mayu, lambuna ke cika da furanni. Mu a Ikko ba sanyi ne matsalarmu ba, ruwa ne. Damina kan kankama tun Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni, don haka kafin ta kankama ne lokacin shiri.

Mazaunin Idumota ba shi da fili, sai baranda ko saman bene. Na Agege wataƙila ya samu ɗan tsakar gida. Tsohon bokiti ko jarkar da aka yanke ya wadatar a matsayin tukunya, amma a huda gindinsa sosai, a zuba tsakuwa, sannan ƙasa gauraye da yashi da takin dabbobi wanda ya ruɓe. Ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi. A ɗora tukunyar kan bulo don ruwa ya tsiyaye, kuma kada a bar ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta, in ba haka ba sauro za ka kiwata.

Lalle, mai fararen furanni masu ƙamshi, ɗan Arewa ne, ba ya son laima da yawa: a ajiye shi inda rana ke bugawa, a janye shi daga bakin indararo. Zogale kuwa ba ya wahalarwa, reshe ma aka dasa yana kamawa. Ɗoɗɗoya a riƙa tsinke furenta in ganye ake so. Yakuwa sai an yi haƙuri, ba ta fure sai ƙarshen damina.

Kafin ka jera tukwane a saman bene, tambayi mai gida, jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi.