Darasin Noma: Wuta-wuta, Ɓarauniyar Ƙarƙashin Ƙasa

 Da yawa daga cikinmu sun samu aron gona a bana daga masu masaukinmu. Don haka ya kamata mu san wata ciyawa da ke iya cinye guminmu, wato wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji.

Yadda take rayuwa

Irinta ƙanƙane ne kamar ƙura. Tsiro ɗaya na iya zubar da iri fiye da 50,000, kuma irin yakan kwanta a ƙasa shekara 10 ko fiye yana jira. Ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar gero, dawa ko masara ke fitarwa. Daga nan sai ya maƙale wa saiwar, yana zuƙe ruwa da abincin shukar. Kafin mu ga ciyawar a sama, ta riga ta yi makonni tana ɓarna. Shi ya sa hatsi kan tsumbure, ganye ya yi kamar an babbaka shi, alhali ana ruwan sama.

Idan ta yi furenta mai ruwan hoda, ƙwari kan ɗauki garin fure daga wannan zuwa wancan, sai iri ya ƙullu.

Abin da za mu yi

1. Mu tumɓuke ta kafin ta yi fure. Wadda ta riga ta yi, mu tara ta wuri guda mu ƙone, nesa da bukkoki.
2. Mu zuba takin gargajiya, domin ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji.
3. Mu riƙa sauya shuka da gyaɗa ko waken suya. Saiwarsu kan yaudari irin ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu.

Batun maganin feshi

Maganin kashe ciyawa da ake sayarwa a kasuwa ba ya kawar da irin da ke kwance a ƙasa, kuma wani yakan kashe har da hatsin. Wanda zai yi feshi ya fara neman shawarar malamin gona, ya rufe hanci da jiki, kada ya fesa lokacin iska, kuma a nisanta yara. Mun san jarka na wuya a sansani, amma kada a taɓa zuba ruwa ko mai a robar magani, ko an wanke ta.

Gonar aro amana ce. Idan muka mayar da ita da tsabta, baɗi ma mai ita zai sake ba mu. Allah ya ba mu damina mai albarka.