Jinyar Marar Hali Farilla Ce A Kan Jama'a: Darasi Daga Asibitocin Kyauta Na Musulmin Amurka

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani hakki ne wanda kowa ya san sunansa amma ba safai ake tsayawa a kan hukuncinsa ba, watau jinyar marar lafiyan da ba shi da abin biyan likita. Za a ɗauko misali daga ƙasar Amurka, inda waɗansu Musulmi suka buɗe ƙananan asibitoci suna duba marasa hali kyauta, sa'an nan a auna aikin nasu da ma'aunin shari'a.

Ciwo A Ƙasar Masu Arziki

Mai karatu zai yi mamakin jin cewa a ƙasa mai arziki kamar Amurka akwai wanda ganin likita ke gagara. Dalili kuwa shi ne, a can kuɗin asibiti yana da tsada ƙwarai, kuma yawancin mutane ta hanyar inshorar lafiya suke biya. Inshora ita ce mutum ya riƙa zuba wani abu kowane wata, ranar da ciwo ya zo kamfani ya ɗauki mafi yawan nauyin. Galibi wurin aikin mutum ne ke yi masa ita. A shekarar 1965 gwamnati ta kafa shiri biyu, Medicare domin tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama, da Medicaid domin waɗansu daga cikin matalauta. Duk da haka a shekarar 2010 marasa inshora sun kusa miliyan 50. Dokar da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a wannan shekara ta rage su, amma a 2023 akwai sauran mutum kimanin miliyan 26.

Su wane ne waɗannan? Akasarinsu masu aiki ne: lebura, da direban tasi, da mai wanke-wanke a gidan abinci, da baƙon da takardun zamansa ba su kammala ba. Abin da wasunsu ke samu ya ɗara wanda gwamnati za ta taimaka wa, bai kuwa kai na sayen inshora ba. Akwai dokar 1986 wadda ta tilasta wa asibitoci su duba duk wanda aka kawo sashen gaggawa har ya fita daga haɗari, ko da ba shi da ko anini. Amma fa dokar ba ta hana a aiko masa da takardar bashi daga baya ba, kuma ba ta shafi ciwon da ke cin mutum a hankali ba. Mai hawan jini ko ciwon sukari yana bukatar awo da magani kullum. In ya rasa, sai ya yi ta daurewa har ciwon ya shanye masa ɓarin jiki, ko ya lalata masa ƙoda, ko ya ci idonsa. Maganin da zai tsare shi da wuri kuwa sau da yawa kuɗinsa kaɗan ne.

Asibitin UMMA

A watan Afrilu na 1992 tarzoma ta ɓarke a birnin Los Anjalis na Jihar Kalifoniya, bayan kotu ta sallami 'yan sandan da aka ɗauki hotonsu suna dukan wani baƙar fata mai suna Rodney King. Fiye da mutum 50 suka rasu, aka ƙone kantuna da gine-gine masu yawa, musamman a kudancin birnin inda talakawa ke zaune. Waɗansu ɗalibai Musulmi masu koyon likitanci a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis da Jami'ar Charles Drew suka dubi halin da unguwar ke ciki, suka ƙudurta buɗe wurin duba marasa lafiya kyauta. Suka yi shekaru suna fafutuka, har suka sami goyon bayan jami'o'insu da hukumar birnin, aka gyara wani tsohon gini da aka yi watsi da shi a kan titin Florence, aka buɗe asibitin a 1996. Sunansa UMMA, harrufan farko ne na sunan ƙungiyarsu da Turanci, ya kuma yi daidai da kalmar Larabci wadda ke nufin al'umma.

Abin lura a nan shi ne, mazaunan wannan yanki mafi yawansu baƙaƙen fata ne da 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka, kuma mafi yawan waɗanda asibitin ke dubawa ba Musulmi ba ne. Ɗaliban sun san haka tun farko, suka zaɓi wurin domin a nan bukata take.

Ba wannan kaɗai ba ne. A birnin Ditiroit na Jihar Mishigan an buɗe asibitin HUDA a 2004. A Sakaramento, babban birnin Kalifoniya, akwai asibitin Shifa wanda ɗaliban jami'a ke gudanarwa kusa da wani daɗaɗɗen masallaci. Irinsu suna nan a birane da dama. Abin da ya taimaka kuwa shi ne, bayan an sassauta dokar shige da fice a 1965, likitoci Musulmi masu yawa sun shiga Amurka daga Pakistan da Indiya da ƙasashen Larabawa, suka haɗu da Musulmi baƙaƙen fata 'yan ƙasa waɗanda suka daɗe suna hidima a unguwanninsu.

Tsarin irin waɗannan asibitoci kusan ɗaya ne. Da yawa sun fara ne da ɗaki ɗaya ko biyu a harabar masallaci, suna buɗewa ranar Asabar ko Lahadi ko da maraice. Likita ya tashi daga aikin da ake biyansa ya zo ya ba da 'yan sa'o'i. Haka nas, da mai haɗa magunguna, da tafinta, da mai rubuta sunaye, da ɗaliban da ke aiki ƙarƙashin idon malamansu. Ana auna jini, a ba da maganin da aka samu sadaka ko aka saya da arha, a koya wa mutum abin da zai ci da wanda zai bari. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfinsu sai su nema masa ƙwararren da ya yarda ya duba shi kyauta ko da rangwame.

Matsayin Wannan Aiki A Shari'a

Malamai sun kasa farilla gida biyu. Akwai farilla ta aini wadda ke kan kowane baligi mai hankali, kamar salloli biyar. Akwai kuma farilla ta kifaya, wadda in wasu suka tsaya da ita har ta wadatar ta sauka daga wuyan saura, in kuwa aka rasa mai yi to laifi ya hau kan duk mai iko, kamar sallar jana'iza. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 bayan Hijira, ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumid Dini. Har ya koka da cewa a zamaninsa garuruwa da yawa ba su da likita Musulmi, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani na fiƙihu.

To, sharaɗin kifaya shi ne wadatarwa. In gari yana da likitoci ɗari amma talaka bai iya isa wurin ko ɗaya, ba a ce farillar ta sauka ba. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 32 ta Suratul Ma'ida, ya daidaita rayar da rai guda da rayar da mutane baki ɗaya. Imamu Muslim kuma ya ruwaito hadisi Ƙudusi mai nuna cewa ranar Alƙiyama Allah zai tuhumci bawa a kan marar lafiyan da bai je dubawa ba, Ya sanar da shi cewa da ya je da ya sami Ubangijinsa a wurin. In wannan shi ne matsayin gaisuwa kawai, yaya ke nan matsayin wanda ya kai magani?

Aikin yana da asali tun zamanin Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Masu tarihi sun ambaci Rufaida Al'aslamiyya, wadda ke da tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda aka yi wa rauni, tana hidima ga wanda ba shi da mai kula da shi domin neman lada. Da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙu, shekara ta 5 bayan Hijira, a tantinta aka kwantar da shi domin Annabi ya riƙa duba shi daga kusa. Ashe ɗakin jinya a gefen masallaci ba baƙon abu ba ne.

Mas'aloli Huɗu

Ta farko, shin ya halatta a kashe dukiyar Musulmi wajen jinyar wanda ba Musulmi ba? Lalle ya halatta, kuma akwai lada. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta bayyana cewa ba a hana kyautata wa waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba. Annabi ya umurci Asma'u 'yar Abubakar ta sadar da zumuncin mahaifiyarta alhali tana mushrika. Ya kuma ba da labarin wanda aka gafarta wa sabili da ya shayar da kare mai ƙishirwa, ya sanar da cewa akwai lada a kan kowane mai rai. Daɗin daɗawa ga hakkin maƙwabtaka, wanda bai keɓanta ga Musulmi ba.

Ta biyu, da wace dukiya za a yi? A nan dole a rarrabe. Zakka tana da gidaje takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba. A mazhabar Imamu Malik da wajen mafi yawan malamai, fakiri ko miskinin da za a ba zakka sai ya kasance Musulmi, kuma ba a gina gini da ita, ko da yake waɗansu malaman zamani sun faɗaɗa. Saboda haka ana iya ba Musulmi matalauci zakka ya sayi magani, ko a biya masa bashin asibitin da ya danne shi, domin masu bashi suna cikin takwas ɗin. Amma gini, da kayan aiki, da jinyar kowa da kowa, hanyarsu ita ce sadakar ganin dama da wakafi. Masu riƙon amanar asibiti ya kamata su raba asusun biyu.

Ta uku, kyauta ba ta ɗauke nauyin ƙwarewa. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin likitanci ba. Kyakkyawar niyya ba ta halatta wa jahili riƙe allura, kuma ba a ba talaka maganin da ya lalace don ba biya ya yi ba. Dokar Amurka ma ba ta sassauta ba: mai aikin sa kai sai da lasisi. Wata doka ta 1996 ta ba likitocin sa kai na irin waɗannan asibitoci kariyar gwamnati in an kai su ƙara, bisa sharaɗin an tantance takardunsu.

Ta huɗu, ladabin bayarwa. Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta yi gargaɗin cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Marar lafiya yana cikin rauni, ba ya iya musu da wanda maganinsa ke hannunsa. Don haka ba a mai da magani tarkon jawo shi cikin addini, ba a tozarta shi da tambayoyi, ba a fallasa ciwonsa ko halin zamansa, domin duk amana ne. Kyakkyawar mu'amala ta isa ta yi wa addini shaida.

Abin Da Ke Sa Aiki Ya Ɗore

Fara alheri yana da sauƙi, riƙe shi ne wuya. Wajen shekara ta 2000 kuɗin tallafin da asibitin UMMA ya fara da shi ya kusa ƙarewa, har aka ji tsoron za a rufe, sai Musulmin yankin suka taru suka yi karo-karo suka cece shi. A 2008 ya shiga sahun cibiyoyin lafiya da gwamnatin tarayya ke tallafa wa. Tun daga nan ya zama yana da ma'aikata masu albashi, yana karɓar inshora daga masu ita, yana kuma sassauta wa marasa ita gwargwadon samunsu.

Magabata sun warware wannan matsala da wakafi, watau a tsare asalin dukiya a riƙa ciyar da amfaninta. Asibitin da Nuruddini Zanki ya gina a Dimashƙa a 1154, da wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, da kuɗin hayar kantuna da amfanin gonakin da aka yi musu wakafi suke tafiya. Shi ya sa suka yi ɗaruruwan shekaru suna karɓar mai kuɗi da talaka, namiji da mace, bayan waɗanda suka gina su sun daɗe a kabari. Wannan ita ce sadaka mai gudana wadda ladanta ba ya yankewa.

Saboda haka duk jama'ar da ke da masallaci, da likita ko nas a cikin sahu, da attajiri mai shago ko gona, tana da kayan sauke wannan farilla. Likita ya ba da sa'o'insa, mai dukiya ya tsayar da wakafi, malami ya bayyana hukunci, amintattu su riƙe lissafi. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da mafificin alheri, Ya kuma ba al'umma ikon tsayawa da hakkin raunananta. Amin.