Yadda Ake Zaɓen Takardar Katin Gaisuwa A Lokacin Hunturu

'Yan'uwana 'yan makaranta, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi ɗan bayani a kan katin gaisuwa wanda ake yi da hannu. Kowa ya sani da zarar watan Disamba ya kama, hutu ya gabato, sai ka ga ɗalibai sun duƙufa wajen yanka takarda da zane-zane. Wasu na Kirsimeti suke yi, wasu na sabuwar shekara. Salla ma takan faɗo cikin sanyi, domin kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. A shekarar 2000 har sau biyu Ƙaramar Salla ta zo, ɗaya a Janairu, ɗaya a Disamba. Abin da na lura da shi shi ne, yawancinmu zane muka fi damuwa da shi, takarda kuwa duk wadda ta zo hannu. Alhali takardar nan ita za ta sha wahalar tafiya kafin gaisuwa ta isa gida.

A birnin Landan aka buga katin Kirsimeti na farko don sayarwa, cikin shekarar 1843. Wani mutum mai suna Henry Cole ya sa aka yi shi, John Horsley ya zana, aka buga guda 1,000. Daga can wannan al'ada ta yaɗu, shi ya sa kati na kanti yakan zo fari fat da hoton dusar ƙanƙara. To, amma sanyinsu da namu ba ɗaya ba ne. Namu iskar hunturu ce mai tasowa daga Sahara, busasshiya, ɗauke da hazo da ƙura. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, saboda haka sai mu zaɓi takardar da za ta jure wa namu sanyin. Abubuwa uku ke ɓata kati a wannan lokaci: ƙura, da bushewar iska, da maiƙon hannu, tunda kowa yana shafa basilin ko man kaɗanya saboda kaushi.

Bari mu fara da launi. Farar takarda tas tana da kyau a ido, amma ba ta ɓoye komai. Yatsa ɗaya mai ƙura ya taɓa ta, shi ke nan, ta yi tambari. Baƙa da shuɗiya mai duhu su ma ba su tsira ba, gama ƙurar hunturu fari-fari ce, tana fitowa ɓaro-ɓaro a kansu. A ganina launukan tsaka-tsaki sun fi dacewa, watau ruwan madara, da ruwan ƙasa, da ruwan toka mai haske, da ruwan goro. Waɗannan sun yi kusa da launin ƙurar kanta, don haka ba ta cika nunawa a kansu ba. Wanda ke son ja ko kore ko shuɗi, sai ya yanka su ƙanana ya manna a matsayin ado.

Sai kuma a tuna da mai karantawa. Rubutun biro a kan takarda mai duhu yana da wuyar gani, balle ga tsoho wanda idonsa ya fara rauni, ko mai karatu da dare. Idan bangon katin mai duhu ne, a saka 'yar takarda mai haske a ciki, a yi rubutun a kanta.

Na biyu shi ne jikin takarda, santsinta ko kaushinta. Takarda mai ƙyalli ba ta shan tawada da wuri, hannu na gogawa rubutu ya dame, fensir mai launi kuma zamewa yake yi a kanta. Mai kaushi ƙwarai kuwa tana kama fenti da kyau, amma ƙura tana shiga ramukanta ta zauna, bakin alƙalami kuma yana tuntuɓe. Wadda ta fi ita ce marar ƙyalli mai ɗan kaushi kaɗan, wadda idan ka shafa ta da yatsa za ka ji kamar ɓawon ƙwai. Malamanmu na dā sun san wannan. A ƙarni na 19 sun yi amfani ƙwarai da wata takarda da ake kawowa daga Italiya, wadda idan aka ɗaga ta a haske ana ganin alamar jinjirin wata uku a jikinta. Ba fara tas ba ce, ba ta kuma da ƙyalli, ga shi littattafai da yawa da aka rubuta a kanta suna nan ana karanta su har yau.

Na uku shi ne kauri. Ana auna shi da nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar, kuma akan rubuta adadin a jikin ƙunshinta. Takardar da ake buga wasiƙa da ita a ofis yawanci giram 80 ce. Wannan ba ta iya tsayuwa a kan tebur, kuma da an shafa mata gam mai ruwa sai ta yamutse. Kati yana bukatar giram 200 zuwa 250. Idan ya wuce 300, ninka shi sai da dabara. Takarda mai girman A4, watau milimita 210 da 297, idan aka raba ta biyu aka ninka kowane rabi, za ta ba da kati biyu masu shiga ƙaramar ambulan. Ga mai ɗan kuɗin kashewa irin namu, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Wajen ninki ne bushewar hunturu take yin ɓarna. Takarda 'yan zaruruwan itace ce aka daddanne, kuma a wadda aka yi da inji yawancinsu fuska ɗaya suke kwance, kamar yadda rake ke tsagewa ta tsawo. Idan iska ta bushe, zaruruwan sukan rasa laushinsu, sai gindin ninkin ya dare, farin ciki na takardar ya leƙo. Maganin wannan abu biyu ne. Da farko ka lanƙwasa takardar a hankali ta tsawo da ta faɗi. Ɓangaren da ya fi saurin lanƙwasuwa, nan ya kamata ninkin ya bi. Sa'an nan ka ɗora rula, ka ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, kana dannawa, kafin ka ninka.

Wanda bai sami takarda mai launi ba, kada ya damu. Ruwan shayi mai kauri yana mayar da farar takarda ruwan ƙasa. Zoɓo ma yana rina ta, sai dai jansa yakan juya zuwa shuɗi-shuɗi a kan wasu takardu, kuma yana koɗewa a rana, don haka a gwada a gefe tukuna. Bayan rini a shanya ta a inuwa cikin ɗaki, in ta kusa bushewa a danne ta da manyan littattafai, in ba haka ba iska za ta nannaɗe ta kamar tabarma.

Daga ƙarshe, a wanke hannu da sabulu kafin a fara aiki, kuma da an gama a saka katin cikin ambulan, a sa shi tsakiyar littafi a cikin akwati. Iyayenmu sukan ajiye irin wannan kati shekara da shekaru, wani a jikin bango, wani a ƙasan adaka. Tunda haka ne, ya kamata mu ba su wanda zai daɗe. Allah ya kai mu hutu lafiya, ya sa mu tarar da mutanen gida lafiya, amin.