Kira ga Masu Roba-Roba: Ku Kula da Soso da Baƙin Mai

Ni bakaniken babura ne a Ɗanzomo, ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, kuma abin da nake gani kullum a gareji ne ya sa na ga ya dace in yi wannan jan hankali.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ƙananan baburan nan da muke kira roba-roba suka ƙara yawa a hannun malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da 'yan tireda, don ba su da shan mai. Yawancinsu, irin su Lifan da Jincheng na China, an ɗauko tsarin injinsu ne daga Super Cub da kamfanin Honda na Japan ya fitar a 1958, wanda zuwa 2017 an ƙera miliyan 100. Inji ne mai juriya ƙwarai. Amma a nan ƙasar Gumel ina ganin sabon babur bai shekara ba ya fara hayaƙi, kuma in ka bincika, ƙura ce.

Ƙasarmu rairayi ce, ga hunturu. Duk iskar da inji zai ja sai ta bi ta cikin wani ɗan soso kafin ta shiga kafireta. In soson ya toshe, babur ya rage gudu, ya ƙara shan mai, fulogi ya yi baƙi. Nan ne wasu ke cewa "Oga, cire shi kawai, ya fi tashi." Gaskiya zai tashi. Sai dai daga ranar yashi yake shiga kai tsaye yana goge ringi da fistin da bangon silinda. Bayan 'yan watanni sai salansa ta fara fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, baƙin mai yana ƙarewa ba a ga inda ya zuba ba. Abin da wanke soso zai magance ya koma sauke inji. Wallahi raina yana ɓaci in na kwance irin wannan, domin na san mai shi da kyar ya tara kuɗin babur ɗin. A wanke soson da kananzir, a matse ya bushe, a shafa masa ɗan baƙin mai kaɗan don ya riƙe ƙura. Lokacin hunturu, mai bin hanyar ƙauye ya duba shi duk mako biyu. In ya yage, a sayi sabo.

Sai baƙin mai. Wannan inji bai cika cin lita ɗaya ba, ba shi da ruwan sanyaya, iska ce kawai ke huce shi, kuma man nan guda shi ke yi wa inji da giya da kuloci aiki. Shi ya sa yake saurin lalacewa, musamman da bazara. Shawarata a juye shi duk kilomita 1,000, in mitar ta mutu a yi duk wata. A sayi na babur wanda yake a rufe, domin wasu mayukan mota suna sa kuloci santsi, ka ba da totur inji na kuka babur ba ya tafiya. Wanda ake aunawa daga buɗaɗɗiyar jarka a bakin titi kuwa, ba ka san me aka gauraya ba. Tsohon mai da aka juye daga wani inji kada ya kusanci naka.

Sarƙa ma kada a yar da murfinta. Yashi in ya haɗu da maiƙo cinye haƙora yake yi. Kada a ɗaure ta tamau, a bar mata wasa kamar faɗin yatsa biyu, kuma in za a canza, a canza ta tare da haƙoran gaba da na baya.

Akwai kuma lodi. Ranar Alhamis ka tsaya a hanyar kasuwar Maigatari, za ka ga roba-roba ɗauke da buhun gero da mutum biyu, wani har da akuya. Ba a yi shi don haka ba. Kuloci ke ƙonewa a cikin yashi, ƙafar baya ta lanƙwashe, birki ya kasa tsayar da nauyin.

Iyaye, ga tawa maganar da ku. Don babur ba shi da kulocin hannu, yaro ɗan shekara 12 yana iya tuƙa shi, amma ƙarfin riƙe shi in taya ta nutse a rairayi babu. Na gyara baburan da aka kawo da kai a karye, yaran kuma suna wurin mai ɗori. Doka ba ta ba da lasisi sai an kai shekara 18. Don Allah ku riƙe makullinku, ku ma ku sa hular kwano in za ku hau. Wanda bai san inda soson babur ɗinsa yake ba, ya tambayi bakanikensa ya nuna masa yau. Allah Ya tsare mu a hanya.