An cire mini maƙoƙo, yatsuna sun sage

Likita, ni tela ce, shekaruna 38. Na yi shekara 2 ina fama da maƙoƙo mai sa bugun zuciya da rama da karkarwar hannu. Na sha carbimazole abin bai lafa ba, wata 5 da suka wuce aka yi mini aiki aka cire shi ɗungurungum. Alhamdulillahi, zuciyata ta kwanta. Sai dai yanzu babban yatsana da manuni da na tsakiya sagewa suke yi. Cikin dare zogi ke tashe ni, in yi ta yarfe hannu. Allura kan suɓuce mini ban ji ba, sai in gan ta a kan cinyata. Wani lokacin leɓɓana ma kamar kiyashi na yawo a kai. Ƙwayar safe da ta kalsiyam tare nake kora su da koko, ran da na manta kuma shi ke nan. Surukata ta ce sanyi ne, ta kawo jiƙo. Ko an taɓa mini jijiya ne wurin aikin?

Maman Sadiƙ, Gusau

Maman Sadiƙ, Allah ya ƙara sauƙi. Kwantar da hankalinki a kan jijiyar: wadda ake tsoron taɓawa a wannan aiki ta murya ce, ba ta hannu ba. Abin da ya fi ɗaga mini hankali a wasiƙarki shi ne leɓɓan nan.

A bayan tayirod, wato halittar wuya da aka cire miki, akwai wasu 'yan halittu 4, kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, ana kiransu faratayirod. Su ke daidaita kalsiyam a jini. Aiki a wuya yakan gigita su, kalsiyam ya yi ƙasa, sai a riƙa jin baki da yatsu kamar ana soka allura. Yawanci sukan farfaɗo, wasu kuwa sai an daɗe ana shan kalsiyam da bitamin D. Idan kika ga yatsunki sun murɗe sun ƙi miƙewa, ko numfashi na sarƙe miki, kada ki jira gari ya waye, a tafi asibiti nan take.

Yatsun nan uku kuwa labarinsu daban. Tunda an cire tayirod gaba ɗaya, jikinki ba shi da inda zai samu sinadarinta sai a ƙwayar safen nan, levothyroxine, kuma shanta har ƙarshen rai ne. In sinadarin ya gaza, naman wuyan hannu yakan kumbura ya matse jijiyar da ke ratsa wurin zuwa waɗannan yatsu, ga ɗinki yana ƙara mata nauyi. Abin da ya ba ni tausayi, kina shan maganin amma kina tauye shi ba da saninki ba, don abinci da kalsiyam suna hana hanji tsotse shi. Ki sha shi da ruwa zalla bayan sallar asuba, ki jira minti 30 zuwa 60 kafin koko. Kalsiyam da ƙwayar ƙarin jini kuma ki ba su tazarar awa 4.

Ki nemi a auna miki TSH (mai nuna ko sinadarin tayirod ya ishe ki) da kalsiyam da bitamin B12 da sukari, domin ƙarancin B12 yakan biyo masu irin ciwonki, shi ma yana sagar da jijiya. In an canja miki adadin magani, a sake awon bayan mako 6 zuwa 8. Akwai abin ɗaure wuyan hannu da ake kwana da shi, yana rage zogin dare sosai.

Ki gode wa surukarki da kulawa, amma ki ajiye jiƙon. Jijiyar da ta daɗe a matse ba kullum take komawa daidai ba, ke kuma da hannun nan kike ci. Ki koma wurin likitan da ya yi miki aikin cikin makon nan, ki tafi da kwalayen magungunanki duka ya gani.