Zuwa ga matasa: Tiger Woods ya dawo, amma ku tambayi me ya bari a hanya

Ƙannena da 'ya'yana,

Na san yawancinku ba ku taɓa riƙe sandar golf ba, kuma in kun zauna hirar wasa, ta ƙwallon ƙafa kuke yi. Duk da haka labarin ɗan wasan golf zan ba ku, domin na ga ana yawo da shi a wayoyi ana cewa: ku dubi Tiger Woods, ya faɗi ya tashi, saboda haka kowa ya yi abin da ya ga dama, gobe ma rana ce. Wannan rabin labarin ne, kuma rabin da ake tsallakewa ya fi muku amfani.

Sai kun san yanayin wasan kafin ku gane dalilin da ya sa ake tambaya ko ɗan golf zai iya farfaɗowa bayan rikicin gida. Filin yana da ramuka 18. Babbar gasa kwana huɗu ake yi, ramuka 72 ke nan, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Babu mai tare ka, babu abokin wasan da zai rufa maka asiri in ka yi kuskure. Ƙwallon tana ajiye a kan ciyawa tana jiranka. Bugun kansa bai wuce daƙiƙa biyu ba, sauran sa'o'i huɗu zuwa biyar ɗin tafiya ce a ƙasa, daga kai sai abin da ke ranka. Ɗan ƙwallon ƙafa yana iya mantawa da damuwarsa cikin gudu da ihun 'yan kallo. Ɗan golf da ita yake tafiya daga rami zuwa rami.

An haifi Woods a Kalifoniya a watan Disambar 1975. Mahaifinsa Earl tsohon hafsan sojan Amurka ne, mahaifiyarsa Kultida 'yar ƙasar Tailan. Yana ɗan shekara 2 aka nuna shi a talabijin yana buga ƙwallo. A 1997, yana da shekara 21, ya ci gasar Masters da ratar bugu 12, a filin Augusta, kulob ɗin da bai karɓi baƙar fata a matsayin mamba ba sai a 1990. A shekarar 2000 ya ci gasar US Open da ratar bugu 15. Daga nan zuwa Afrilun 2001 ya haɗa manyan kofuna huɗu na wasan duka a hannunsa lokaci guda. A 2008 kuwa, da tsinkakkiyar jijiyar gwiwa da tsagewar ƙashi a ƙafar hagu, yana ɗingishi yana yamutsa fuska, ya sake cin US Open bayan ramuka 91, har da na raba gardama. Babban kofinsa na 14 ke nan. Jack Nicklaus ne ke da 18, kuma a lokacin mutane ba sa tambayar ko Woods zai wuce shi, sai dai wace shekara.

Ku riƙe wannan: an yi masa tiyata a gwiwar, ya yi jinyar wata takwas, ya dawo a 2009 ya ci gasa shida a Amurka. Raunin ƙafa bai tsayar da shi ba.

Ranar 27 ga Nuwamban 2009, wajen ƙarfe biyu da rabi na dare, ya fito da mota daga gidansa a Fulorida, ya daki famfon 'yan kwana-kwana, ya kuma daki bishiya. Haɗarin kansa ƙarami ne. Amma daga nan asiri ya fara tonuwa, mata suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya suna cewa yana nemansu alhali yana da aure da yara biyu ƙanana. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kamfanonin da suka shekara suna tallar kayansu da fuskarsa, irin su Accenture da AT&T da Gatorade, suka zame jiki. Nike ya tsaya tare da shi. Woods ya ajiye wasa, ya tafi wurin masu ba da shawara da gyaran hali ya yi kwana 45.

A ranar 19 ga Fabrairun 2010 ya tsaya gaban kyamara, mahaifiyarsa na zaune a sahun gaba, ya nemi gafara. Abin da ya faɗa a wurin shi ne dalilin wannan wasiƙa. Bai ce sharrin maƙiya ba ne, bai ce an yi masa asiri ba. Ya ce ya shawo kan kansa ne cewa dokokin da ke kan kowa ba su hau kansa ba. Tunda ya sha wahala tun yana yaro, ya ga ya cancanci ya more duk abin da ya gitta masa, kuma kuɗi da suna sun sa bai sha wuyar samu ba. Ya ce ya yi nisa da tarbiyyar addinin Buda da mahaifiyarsa ta rene shi a kai.

Ƙannena, wannan tunanin ba sai mai miliyoyin daloli ba. Yaron da ya fi kowa ƙoƙari a aji yana yin sa. Wanda ya fara samun ciniki a kasuwar waya yana yin sa. Mawaƙin da aka fara tare shi a hanya ana ɗaukar hoto yana yin sa. Ranar da ka fara ce wa kanka "ai ni na sha wuya, wannan ɗan abin ba komai ba ne," ranar ka fara haƙa. Kuma mafi yawan lokaci kana cikin cin nasara ne, shi ya sa ba wanda zai yi maka magana. Woods yana cin kofi yana ɓarnar, kuma cin kofin ne ya rufe bakin mutane. Mahaifinsa, wanda ya fi kowa iya tsawata masa, ya rasu tun watan Mayun 2006.

To, sai wasan ya lalace. A watan Agustan 2010 aurensa da Elin Nordegren ya mutu. Kocinsa Hank Haney ya riga ya ajiye aiki a watan Mayu. Kafin ƙarshen shekarar Lee Westwood na Ingila ya karɓe matsayin na ɗaya a duniya, bayan Woods ya riƙe shi mako 281 a jere. A 2011 ya sallami Steve Williams, mai ɗaukar masa jakar sanduna, wanda suka ci manyan kofuna 13 tare. A 2010 da 2011 bai ci gasa ko ɗaya ba a cikin gasannin ƙwararru na Amurka, ya gangaro har matsayi na 58. Don a yi adalci, ba damuwar gida kaɗai ba ce: yana canza salon bugunsa da sabon koci, ga ciwon wuya, ga gwiwa da agara. Kuma tun kafin tonon asirin, a Agustan 2009, wani ɗan Koriya ta Kudu mai suna Y.E. Yang ya riga ya kayar da shi a ranar ƙarshe ta babbar gasa, abin da ba a taɓa yi masa ba in yana kan gaba. Amma duk wanda ya kalli fuskarsa a waɗannan shekaru biyu ya san ba a gwiwa kaɗai ciwon yake ba.

Masana suka rabu biyu, wasu na cewa ya ƙare, wasu na cewa a ba shi lokaci. Masu cewa a ba shi lokaci su suka yi gaskiya. A Maris 2012 ya sake cin gasa. A 2013 ya ci biyar, ya koma na ɗaya a duniya. Saboda haka in tambayar ita ce ko gwaninta na dawowa, amsar ita ce tana dawowa, ga wanda ya koma filin atisaye ya buga ƙwallo dubbai ba tare da mai tafa masa ba. Wanda ya taɓa iyawa, iyawar ba ta gudu ba. Kada wanda ya faɗi jarrabawa ko ya karye a kasuwa ya ɗauka an rufe littafinsa.

Sai dai shekarun da suka tafi ba su jira shi ba. Yana dawowa jiki ya fara karɓar bashinsa. An yi masa tiyatar baya a 2014, aka sake sau biyu a 2015. A wannan shekarar aka ga mutumin da duniya ke tsoro yana kasa ɗan gajeren bugun da yaro ɗan koyo ke yi, har ya gama zagaye ɗaya da bugu 85. A Afrilun 2017 likitoci suka haɗe masa gaɓoɓi biyu na ƙashin baya. Shi da bakinsa ya ce a wancan lokacin sai da aka yi masa allurar kashe zafi kafin ya iya zuwa liyafar tsofaffin zakarun Masters, kuma ya ɗauka shi da wasa sai kallo.

Ranar 29 ga Mayun 2017 'yan sanda suka same shi cikin dare a gefen titi a Fulorida, yana barci a kan sitiyari, injin mota na aiki. Aka gwada numfashinsa, babu barasa ko ɗigo. Magunguna ne, iri biyar, har da na kashe ciwo masu ƙarfi da na barci. Hoton da aka ɗauke shi a caji ofis, idanu a kumbure, fuska a sake, ya zagaye duniya. Ya amsa laifin tuƙin ganganci, ya shiga shirin rabuwa da dogaro da magani. Nan zan ɗan tsaya, domin wannan ɓangaren ba baƙo ba ne a unguwanninmu. Woods ba a lungu ya fara ba. Da ciwo na gaskiya ya fara, yana kuma da likitocin da kuɗi ke iya saye. In ƙwaya ta kwantar da irin wannan mutum a gefen titi, me kuke tsammani tiramol da kodin za su yi wa yaron da ya ce yana sha ne don ya jure aiki ko ya samu barci? Zuwa ƙarshen shekarar yana matsayi na 1,199 a duniya.

A Satumban 2018 ya ci gasa a Atlanta, ta farko cikin shekara biyar, jama'a suka ɓalle suka bi shi a baya har ramin ƙarshe. Sai ranar 14 ga Afrilun 2019, a Augusta, inda ya fara. Ya shiga ranar ƙarshe Francesco Molinari na Italiya yana gabansa da bugu biyu. Rami na 12 gajere ne, amma akwai rafi a gabansa, iska kuma tana juyawa a wurin ba sallama. An kafa tutar ramin a gefen dama, inda kuskure kaɗan zai kai ƙwallo ruwa. Molinari ya buga, ƙwallonsa ta daki gangare ta mirgino cikin rafin. Tony Finau ma haka, kamar yadda ta faru da Brooks Koepka da Ian Poulter da suka wuce gabansu. Woods, cikin jar rigar da yake sawa duk Lahadi, bai kalli tutar ba. Ya auna tsakiyar filin, nesa da ramin, ya sauke ƙwallonsa a busasshiyar ƙasa, ya gama da bugu uku. Babu abin burgewa a bugun. Ɗan shekara 43 ne da ya san abin da jikinsa ba zai iya ba, ya kuma san inda ruwa yake. Da wannan ya kamo Molinari, a ƙarshe ya ci da ratar bugu ɗaya tak. A bayan rami na 18, inda ya rungumi mahaifinsa a 1997, ya rungumi ɗansa Charlie.

Nan masu yaɗa labarin ke tsayawa. Ni kuwa ina so mu yi lissafi. Tsakanin babban kofinsa na 14 da na 15 shekara 11 ne, kuma su ne shekarun da ya kamata ya wuce Nicklaus. Yana nan a 15. Auren bai dawo ba. Kofin Masters ba ya ɗaura aure. 'Ya'yansa sun tashi tsakanin gida biyu, kuma duk ranar da suka rubuta sunan mahaifinsu a intanet, abin da ya faru a 2009 yana nan yana jiransu. Matar da aka ci amanarta ba ta buga ƙwallo ko ɗaya ba, amma ita ma ta biya. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Kuma dawowar ba ta zama ƙarshen jarrabawa ba. A Oktoban 2019, a Japan, ya ci gasarsa ta 82, ya kamo tarihin Sam Snead na yawan cin gasa. A ranar 23 ga Fabrairun 2021, kusa da Los Angeles, motarsa ta ƙwace ta yi ta juyawa. Bincike ya nuna yana gudun da ya kusa ninka abin da doka ta yarda a hanyar. Ƙafarsa ta dama ta farfashe, aka sa mata ƙarfe, har an yi maganar yanke ta. Ya sake dawowa Masters a 2022 yana jan ƙafa, ya buga kwana huɗun duka. Jarumta ce, ban musa ba. Amma ban ga dalilin da zai sa yaro mai hankali ya yi sha'awar irin wannan jarumtar ba, alhali rage gudu ya fi ta arha.

Ga wanda ya riga ya faɗi daga cikinku, ku lura da yadda ya tashi. Ya amsa laifinsa da bakinsa, a gaban mahaifiyarsa. Ya je wurin waɗanda suka san aikin, na hali da na ƙashi, bai ce shi namiji ne zai jure ba. Ya yarda ya koma baya ya buga a matsayin na dubu da wani abu, ana yi masa dariya. Ya kuma daina neman ya zama yaron 1997. Yawancinmu a mataki na farko muke maƙalewa, muna ta neman wanda za mu ɗora wa.

Ga wanda bai faɗi ba tukuna, musamman wanda abubuwa ke tafiya masa daidai yanzu, kai na fi ji wa tsoro. Woods yana da likitoci da lauyoyi da dukiyar da ta ɗauke shi shekara goma yana jinya. Kai in ka faɗi irin wannan faɗuwar, wa zai ɗauke ka? Duba cikin mutanen da ke kewaye da kai, ko akwai mutum ɗaya da ba ya cin komai a hannunka, wanda zai iya kallon idonka ya ce maka ka yi ba daidai ba. In babu, nemo shi, ko kawunka ne, ko malaminka, ko yayarka. In kuma akwai wani abu a wayarka ko a aljihunka da ba za ka so mahaifiyarka ta gani ba, kada ka jira a tona maka. Je ka sami mutumin nan mai gaya maka gaskiya a wannan makon, ka gaya masa da bakinka.

Allah ya tsare ku, ya yi muku albarka.

Wassalam,
Yayanku.