Ko Gwanjon Maraɗi Ya Fi Araha?

Wata mai sauraronmu daga Katsina ce ke tambaya ko ta tsallaka Maraɗi sayen gwanjo don neman sauƙi.

To Malama, hanyar ita ce Magamar Jibiya, Ɗan Isa, sai Maraɗi. Can da sefa ake ciniki, kuma tun faɗuwar darajar naira a 2023 arahar ta ragu ƙwarai. Ki fara tambayar 'yan canji, ki haɗa da kuɗin mota. Ki je ranar fasa dila, ki duba ɗinki da zif. Ki riƙe takardar shaida, kuma ki sani dokar kwastan ta Najeriya ta hana shigo da gwanjo.

In kayan kaɗan ne, kasuwar gida ta ishe ki.